Sunan Ɗan Fari

Tun da aka miƙa wa na'ura rabon magani a asibiti, akwatin maganin ba ya buɗewa sai mutum ya amsa tambayar sirri da bakinsa. Kwana huɗu Gwaggo Tasalla ba ta sha maganin hawan jininta ba, sai ta tako har ofishin masu na'urar da ke cikin asibitin.

"Wane marar kunya ne ya ce in faɗi sunan ɗan farina?"

Nusaiba, mai rubuta wa injiniyoyi abin da za su haɗa, ta sunkuyar da kai. "Ni ce, Gwaggo. Na ga ba uwar da za ta manta shi."

"Mantawa na yi? Shekara hamsin ban kama sunansa ba, sai yau don ƙarfe?"

Injiniya Zubairu ya ce na'ura ba ta yi kuskure ba, abin da aka rubuta ta bi. Gyara kuwa sai nan da mako biyu.

Gwaggo ta fito ta dubi akwatin da ke jikin bango, kanta na sarawa. Ta matsa, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗi sunan ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba," in ji na'urar. "A ɗaga murya."