Yaron Gidan Yaya

Jirgin ƙasa ya bar Lyon da hantsi. Leïla na gefen taga, mahaifiyarta Hajiya Aishat na kusa da ita tana jan carbi. Leïla ba ta so zuwan nan da ita ba. Matar da ko kasuwar Minguettes sai an lallashe ta take fita, yau ita ce ta riga kowa ɗaura lulluɓi wai za ta Paris, kuma a kan maganar Kamal, mutumin da ba ta taɓa damuwa da shi ba.

Kamal ɗan Tanti ne, yayar Hajiya da ke Damagaram, wadda ba ta da kowa sai shi har ta koma ga Allah. Duk hutun da aka kai Leïla gida, shi ke goya ta a babur, yana yi mata dariyar Hausarta mai warin Faransanci, wushiryarsa a waje. Hajiya kuwa in ya shigo ɗaki sai ta tuna tana da aiki a madafa. Ko sunansa ba ta iya furtawa. "Yaron gidan Yaya," haka take cewa, kamar mai maganar ɗan haya. Leïla ta daɗe da yanke hukunci cewa uwarta ba ta ƙaunarsa, ta kuma riƙe abin a ranta.

Shekara da shekaru Kamal na neman bizar Faransa ana hana shi. A lokacin nan kuwa ba a zama a ƙofar masallacin unguwarsu a Lyon sai an yi hirar Rasha. Alhaji Maazou, wanda ko bindigar farauta bai taɓa riƙewa ba, shi ke raba garuruwan Ukraine da baki bayan kowace sallar Juma'a. A cewarsa Rasha ce ƙasar maza, inda ake ganin darajar baƙar fata. Leïla ta girma tana jin haushin yadda ake kallonta a nan, don haka maganar ta yi mata daɗi. Ranar da ta ga tallar aikin gadi a wata masana'anta a Rasha, har da masauki da takardun zama, ba ta yi shawara da kowa ba. Ta tura wa Kamal.

Saƙonnin muryarsa na farko duk murna ne, yana ba ta labarin ƙanƙara. Daga baya aka aske masa kai, aka miƙa masa kaki.

"Ƙanwata, a cikin gari mutane na cin kasuwarsu kamar ba a yaƙi," in ji shi a saƙon ƙarshe. "Mu baƙi mu ake turawa gaba. In mun faɗi, sai su gane inda wutar take."

Duk sanda Leïla ta kunna saƙon a falo, Hajiya tashi take ta shige ɗaki. Sau da yawa kuma Leïla kan fito daga wanka ta tarar da wayarta ba inda ta ajiye ta ba, amma ba ta kawo komai a ranta ba. A cikin hunturun ne Hajiya ta fara azumin Litinin da Alhamis, ta rame, ta ce ciwon suga ne.

Talabijin ta ce Rasha ta kama wani ƙauye. Alhaji Maazou ya yi ta washe baki. Leïla ta nemo ƙauyen a taswira, ta ga bai kai unguwarsu girma ba. Ofishin da ya ɗauki Kamal ya ce bai san da mai wannan suna ba. Sai wata ƙungiya a Paris mai neman waɗanda suka ɓata a yaƙi ta kira: mutanen Ukraine sun kwashe gawarwaki a wajen, akwai wani baƙin mutum mai wushirya. In ba a tabbatar da shi ba, za a binne shi da lamba, ba wanka ba sallah.

Abin ya ci Leïla har ya gaji. A jirgin, ganin cewa Hajiya ce mutum ɗaya da maganar ba za ta yi wa zafi ba, sai ta sauke nauyin a kanta.

"Maman, ni na tura mishi annonce ɗin, tallar aikin nan. Ni na ce ya tafi."

Carbin ya tsaya. Hajiya ta yi ta kallon gonakin da ke wucewa har Paris. Leïla ta ji sanyi kaɗan, ta kuma ji haushi. Mace ko tari ba ta yi ba.

Ma'aikaciyar ƙungiyar ta ba su kujeru, ta yi bayani da Faransanci a hankali. Hoto ba ya isa. Sai an gwada yawun uwa ko na uba a ga ko jininsu ɗaya da gawar, da ɗan tsinken auduga da ta ajiye a kan tebur. Na dangi yana taimakawa, amma ba a sakin gawa a kansa.

Idon Leïla ya cika. Ta ce uwarsa ta rasu, ubansa kuwa ba ta ma taɓa jin labarinsa ba. Ma'aikaciyar ta ba ta haƙuri, ta miƙa hannu za ta mayar da tsinken cikin akwati.

Hajiya ta riga ta ɗauka. Idonta a ƙasa, ta yi magana da Hausa.

"Hwaɗa mata ta gwada nawa. Ɗan fari ne, Leïla, ba a kiran sunanshi. Yaya ta riƙe shi, amma ni na haife shi."