Jar Rigar Habu

Ina aji uku, wajejen 1978, makarantarmu ta firamare a Dutse Uku ta shirya kasuwar taimakon marayu. Malama ta ce kowa ya kawo abin sayarwa daga gida. Ban tambayi kowa ba, na buɗe akwatin Inna na ɗauko jar rigar sanyin da ta saƙa wa ƙanena Habu, wanda ƙyanda ta kashe da damina. A ganina babu mai sa ta kuma.

Ranar kasuwar Inna ta zo da la'asar. Ina riƙe da hannunta muna bin tebura, sai na ji ta tsaya cak. Wata mata ce ke gwada wa ɗanta rigar, har ina jin ƙanshin kafur ɗin akwatinmu. Yaron tsayin Habu ne. Da ya juya baya, ƙeyarsa ma irin tasa ce.

Inna ta saki hannuna ta durƙusa gabansa. Ta naɗe masa hannun rigar sau biyu, ta gyara wuyan.

"Baiwar Allah," ta ce wa uwar, "kar ki wanke ta da ruwan zafi, za ta tsuke."

"Kin san rigar ne, Mama?"

"Na san irin zaren."

Shekara talatin ta yi bayan nan, ba ta taɓa tambayar wanda ya buɗe akwatin ba. Ni kuma na yi ta jiran ranar da zan faɗa mata, har aka fita da gawarta.