Tokar Bakin Bukka

"Malam, wa ya share tokar nan?"

Daga bayan bukka matar ta ji tambayar, 'yarta na rungume a ƙirjinta. Tsohon masuncin tsibirin ne yake tambayar mijinta. Amma bari in koma farko, 'yar uwa, don ki gane. Kar dai ki tambaye ni inda na ji labarin.

Wata mata ce mai yawan kunya, shekararta biyu da aure. Mijinta yana sayen kifi ya yi banda ya kai arewa. Wata shekara ya tafi da ita da jaririyarsu 'yar wata biyar can kudu, wani tsibiri a bakin teku, wanda sai an yi rabin yini a kwalekwale kafin a kai. Babu gari a wurin. Bukkoki huɗu ne na ganyen kwakwa, masunta su yi wata biyu a ciki su watse. Gaba ruwan gishiri, baya kurmi mai duhu ko da rana tsaka. Sauro kamar hayaƙi, ƙaguwa na yawo har cikin tukunya, an kuma gargaɗe ta cewa kada na shigowa ta bakin rafi in ruwa ya cika. Ranar da suka sauka, tsohon nan, wanda shi kaɗai ke jin Hausa cikin masuntan, ya ɗebo toka daga murhun banda ya zuba ta kewaye da bukkarsu, bai bar ko tsaga ba. Kullum da yamma sai ya ƙara. Ita kuwa abin yana damunta. A gidansu, toka a ƙofar ɗaki shaidar ƙazama ce, uwarta ba ta barin rana ta fito a kan tsakar gida mara shara. Sau uku ta buɗe baki za ta tambaya, sau uku ta haɗiye. Ina ita ina tsayar da sa'an ubanta da tambaya? Mijin kuma ba ya zama.

Rana ta shida maza suka tafi ruwa tun asuba, suka bar ta ita kaɗai a tsibirin. Ta ɗauki tsintsiya ta share tokar tas, har yashi ya fito fari da zanen tsintsiya kamar ƙofar amarya. Ta yi wa yarinya wanka, ta shafe ta da man kaɗanya, ta kwantar da ita a tabarma, ta zagaya gindin kwakwa wanki. Abin da ta fara lura da shi, tsuntsaye sun yi shiru. Sai ta ga kyankyasai da gizo-gizo suna fitowa daga kurmi da rana ƙiri-ƙiri, ƙadangare na gudu tare da su bai ko kalle su ba. Sai wata ƙara 'yar siririya, kamar ana zuba gero a busasshen ganye. Da ta waiwaya ta ga baƙar igiya mai faɗin tafin hannu ta taso daga kurmi, ta bi ta kan yashin da ta share, ta shige bukka. Kwarkwasa ce, tururuwar nan mai cizo da ke tafiya runduna guda. Kafin ta kai ƙofa, yarinyar ta ƙwalla wani irin kuka da ba ta taɓa ji ba.

Ta taka su da ƙafa ba takalmi, ta fizgo 'yar. Sun hau ƙafafun yarinyar, sun shiga wuya, suna neman kunne da hanci, man da ta shafa mata ya ja su. Ta yi ihu, babu mai ji sai teku. Ta ruga ta shiga ruwa har ƙugu, ta tsoma yarinyar zuwa wuya, tana cire su ɗaya ɗaya. In ta ja, jikin ya tsinke, kan ya tsaya a fata. A bayanta bukka ta koma baƙa. A gabanta ruwa na cika, can bakin rafi kuma ga wani abu kamar gungume yana shawagi, ba ta san ko itace ba ne. Haka ta tsaya, fita ba dama, zama ba dama, tana karanta duk abin da ta iya, har la'asar, sannan ta hango kwalekwale.

Maza suka kori kwarkwasar da wuta da toka mai zafi. Yarinya ta rayu, da kumburi da zazzaɓin kwana biyu. Kifin da ke kan banda kuwa sai ƙaya. A ranar dai, ana gama korar kwarkwasar, tsohon ya yi tambayarsa.

"Iska ce, Baba," in ji mijin. "Ai an yi iska da hantsi."

Tsohon ya dubi ƙasa. Gefen ƙofa akwai wurin da ba a tattaka ba, zanen tsintsiya na nan raɗau. Ya ɗaga ido wajen da take laɓe, ya ga zaninta na ɗigar ruwa. Sai ya sa ƙafa ya goge zanen a hankali.

"Lalle iskar nan ta iya shara," ya ce. "To, a gaya mata, kwarkwasa ba ta ƙetare toka."

Mijin ya yi dariya, bai gane ba. Ita ta gane. Ta so ta fito ta ce ni ce, sai ta tuna yadda mijin ya karɓi 'yar daga hannunta yana cewa Allah ya yi miki albarka, kin ceci ranta. Ta san in ta faɗa, duk ranar da zai fita sai ya waiwayo ya dubi yarinyar sau biyu. Ta ƙudura a ranta ba za ta gaya wa kowa ba, ko uwarta. Da yamma ta riga tsohon zuwa murhu, ta zuba tokar da hannunta, mai kauri, har sau biyu. Tabo uku na nan a bayan kunnen yarinyar, in tana mata kitso takan tsaya a kansu. Gaskiyar masu magana, rashin sani ya fi dare duhu.