Ramukan Rairayi da Gidan Rina

Ki riƙe wannan misali, 'yata, saboda ranar da tsoro zai riga idonki gani.

Wata mata ce ta bi mijinta noman rani a bakin kogi. Suka yi bukka, suka ɗaure shanunsu biyu na huɗa a gindin wata tsamiya. A shekarar da ta gabata rina ta harbi mijin a wuya, fuskarsa ta kumbura, numfashi ya nemi ƙwace masa, da ƙyar ya sha. Likita ya ce musu idan aka sake, ba lallai a iso da shi da rai ba. Tun daga nan, ko ƙudan zuma ya gifta sai gaban matar ya faɗi. To, a inuwar tsamiyar nan mijin yake hutawa bayan azahar. Ran nan ta kawo masa fura, sai ta ga rairayin da ke gefen tabarmarsa duk ƙananan ramuka, ga wasu ƙwari masu ratsin baƙi da rawaya suna shiga suna fita, suna watso yashi ta bayansu kamar kare yana tono. Ta dubi wuyansa, ta dubi ramukan. Ta san in ta faɗa masa zai yi murmushi ya ce Allah ne mai tsarewa. Washegari da ya tafi ban ruwa ta tafasa ruwa a tukunya, ta bi ramukan ɗaya bayan ɗaya tana ɗurawa. Kullum haka, har rairayin ya yi tsit. Amma hankalinta bai kwanta ba, domin ƙudaje masu cizo sun yi wa shanun caa, shanu na ta buga ƙafa suna kaɗa wutsiya, shi ma mijin ya kasa runtsawa a wurin. Ya naɗe tabarmarsa ya koma wata tsohuwar rumfar kara da masunta suka bari can gaba.

Wata rana da azahar wata tsohuwa mai ginin tukwane ta zo ɗibar yashi, ta tarar da matar tsugune da tukunya a bakin wasu sababbin ramuka.

"Ke 'yar nan, ƙasa kike dafa wa shayi?"

"Rina ce, Iya. Ta kusa kashe min miji."

Tsohuwa ta tsugunna ta duba, ta girgiza kai. "Wannan ai ba rina ba ce, riga ce kawai iri ɗaya. Shekara arba'in ina tonon yashi a cikinsu, ko ɗaya ba ta taɓa harbina ba. Kowacce da raminta, ba sa taron faɗa. Su ma ba iri guda ba ne: ki duba abin da ta riƙo, wata tana kai wa 'ya'yanta ƙuda, wata kuma fara. Zanzaro yana gini da laka a jikin bango. Ita kuwa rina a sama take rataye gida, inda babu mai yawan wucewa. Yanzu ina maigidan naki?"

"Yana rumfar masunta."

"Tsohuwar rumfar nan?"

Matar ba ta tsaya jin sauran ba. Ta saki tukunya ta ruga, sai da ta kusa ta rage sauri, ta shiga da sanɗa. Mijin na barci rigingine, wuyansa a buɗe. Duk kwanakin nan ƙasa take kallo. Yau ta ɗaga kai. Ga gidan rina kamar faifai a jikin kara, daidai saman fuskarsa, sun lulluɓe shi suna motsi. Idan ta yi ihu zai zabura ya bugi rumfar da kai. Ta warware mayafinta, ta shimfiɗa masa a fuska da wuya, ta kai baki kunnensa.

"Malam, ni ce. Kada ka tashi zaune. Mirgino wajena a hankali."

Ya mirgino, suka fita da rarrafe. Ɗaya ta sauko ta harbe ta a bayan hannu, ta cije leɓe ba ta yi ƙara ba har suka kai bakin ruwa. Can ya zauna yana shafa mata laka mai sanyi a kumburin, ita kuwa ta kasa ɗauke ido daga gindin tsamiya, inda ta ƙone masu kama musu ƙuda, har ta kora shi da hannunta zuwa ƙarƙashin abin da take gudu.

Gaskiyar masu iya magana: kama da wane ba wane ba ne.