Littattafan da Babu Hatimi

Tsohuwar ta sake dire littattafai biyar a kan tebur, ta miƙo katinta. Malamar laburare ta shiga buga wa kowanne hatimin aro. Layi ya kai bakin ƙofa, na baya sai tsaki suke yi.

Wurin ma ba laburare ba ne, tsohon shagon katifa ne. Nan aka rakuɓe tun da rufin babban ginin ya fara zuba, aka rufe shi don gyara. Shagon bai ɗauki ko rabin littattafan ba. Sauran aka jibge su a ɗakin baya, kafin a kama musu hayar sito.

Ranar taron jama'a kan makomar laburaren kowa ya zo da buƙatarsa. Ɗalibai suna son intanet, 'yan fansho suna son jarida da fanka, iyaye suna son a riƙa buɗewa ranar Asabar. Ma'ajin majalisar gari, mutumin da dariya ke yi wa wuya, ya ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Kuɗin da ke ƙasa ko dai su tafi ga waɗannan buƙatu, ko ga hayar sito. Aka ɗaga hannu, sito ya sha ƙasa.

Shi da kansa ya karanta dokar, har sau biyu, yana jan kowace kalma. Duk littafin da ya shekara uku babu hatimin aro, za a sayar da shi a kilo ga masu niƙa takarda a ƙarshen wata. Wanda ke da hatimi kuwa ana amfani da shi ke nan, dole majalisa ta nemar masa wuri.

Malama ta tsani mutumin nan tun daga ranar. A cikin littattafan nan ta fara aiki tana budurwa, da hannunta ta ɗinke bangon da yawansu. Yanzu za a auna su kamar buhun gawayi.

Washegari tsohuwar ta ɓullo. Wata mota mai ruwan toka ce ke sauke ta can kan kwana, ta ƙaraso da ƙafa. Ba ta ko kallon kantocin gaba. Ɗakin baya take wucewa, ta kwaso biyar, ta dawo da su kashegari, ta kwashi wasu. Ran nan Malama ta ga ta riƙe wani a kife tana gyaɗa kai.

"Iya, wa ke karanta miki?"

"Ni? Ko alif ban sani ba, 'yar nan. Ɗana ne mayen littafi. Buga mini abin in tafi."

Ba a yi mako ba ta zo da maƙwabtanta, kowace da sabon kati da jakar cefane. Sai ga surukansu, sai ga telan unguwarsu. Duk ɗakin baya suke nufa. A nan Malama ta gane abin da ake yi. Ta ja bakinta ta tsuke, ta ƙara wa hatimi tawada.

Amma zancen duniya ba ya ɓuya. Wani ɗan fansho da ya gaji da tsayuwa kafin ya karɓi jarida ya buga sandarsa a ƙasa, ya ce wannan ai wasa da hankali ne, kuma sai ya kai ƙara gaban Ma'aji. Ya kuwa kai. Malama ta yi ta jiran a soke katunan, ko a kira ta ofis. Shiru. Shirun nan ya fi damunta fiye da a zo a yi mata faɗa.

Ranar ƙarshen wata babbar mota ta tsaya a ƙofar shagon, da sikeli a bayanta. Ma'aji ya shigo fuska a murtuke, kansiloli biyu suna biye da shi. Bai gaisa da kowa ba. Ya zauna a ɗakin baya yana buɗe littattafan ɗaya bayan ɗaya. Hatimi. Hatimi. Hatimi. Wani tsohon littafin taurari ya daɗe a hannunsa, ya shafa bangon da ɗan yatsa kafin ya ajiye.

"Wannan maguɗi ne!" in ji wani kansila. "A loda su kawai."

Tsohuwar na zaune kan benci, jaka a cinya, ko a jikinta.

"Wa ya shirya wannan?" Ma'aji ya tambaya.

"Jama'a ne suka ara, ranka ya daɗe," in ji Malama.

Ya harare ta, ya harari tsohuwar, sannan ya juya ga kansilolin. Ya ce shi ma abin ya ƙona masa rai, amma doka doka ce, kuma a gabansu aka karanta ta suka sa hannu. Sito ya zama dole. Sai dai sababbin kujerun zauren majalisa su jira baɗi.

Babbar motar ta tafi da abin da bai cika kwali uku ba. Kansiloli suka fice suna ƙunƙuni, Ma'aji ma ya fita.

Malama ta waiga don ta yi wa tsohuwar godiya, ta ga benci wayam. Ta bi ta da sauri har kan kwana, inda motar nan mai ruwan toka ke tsaye. Sai ta ci birki.

Ma'aji ne durƙushe a gaban tsohuwar yana karɓar jakarta, ita kuma ta dungure masa kai tana cewa, "To, na gama aiken naka, mayen littafi. Gobe ka nemi wata uwar ta yi maka dako, ni kafaɗata ta gaji."