Dankali Mai Ladabi

Na-Kusa ya kife faranti a kan soyayyen dankalinsa, ya naɗe hannu yana jira tururi ya gama kashe shi. Fuska na murmushi, zuciya na kuka.

Duk kamfanin an san shi da abu biyu. Na farko, in Manaja ya yi atishawa shi ke fara kamuwa da mura, daga nan ya samo sunan. Na biyu, dankali. In ba siriri ba ne, ja-ja, wanda in ka gatsa na teburin baya zai waiwayo, ba ya kai shi baki. Gishiri tun yana zafi, barkono a gefe, tumatirin kwalba kuwa ya ce na yara ne. Ya taɓa ƙaurace wa matarsa don kawai ta rufe masa dankali a kula.

Sai ga kujerar mataimakin manaja ta zama babu kowa. Mutum biyu ke hangenta: shi da Dogo na sito, wanda bai iya gaida mutum sau biyu ba.

Na-Kusa ya lallaɓa wurin Iya, mai dafa abincin ma'aikata.

"Iya, tsakaninki da Allah, me Oga ke ci kwanan nan?"

"Dankali mana. Amma tun da ya dawo hutu ya canza mini. In yanka manya-manya, in kwashe kafin su yi ja, in kife musu faranti, in malala tumatir har su nutse. Nama ma ya ce kar ya ƙara gani."

Na-Kusa ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano bakin zare. Dama ya lura. Manaja ya dawo da takunkumi a fuska, wai ƙura. Ya rage magana, ya daina dariya, abinci kuma shi kaɗai yake ci a ofis, da cokali, yana fuskantar taga. Manya ke nan. Wato haka ake cin dankali a sama, su suna nan ƙasa suna ta ƙaras-ƙaras kamar ɓeraye a sito.

Washegari ya soma. Ya ja kujera daidai ƙofar Manaja, inda ba yadda za a yi a wuce ba a gan shi ba, ya sa cokali a cikin abin da ya yi luguf, ya lumshe ido.

"Dankali mai ƙara na marasa tarbiyya ne," ya ce wa 'yan ofis. "Dankali mai ladabi ba a jin motsinsa."

Da yake kowa na da abin da yake nema, kafin ka ce me, ɗakin cin abinci ya yi tsit, sai ƙarar cokula. Mai buga takardu ta ce ita dama can haka take so. Direba ya rantse har ciwon bayansa ya ragu. Dogo kaɗai ya rage a lungu, yana ta gatsa da yatsu.

"Dogo, kana tauna kamar akuya ta samu kwali," in ji Na-Kusa.

"Da bakinka nake taunawa?"

Na-Kusa bai tsaya nan ba. Ya sayi takunkumi kalar na Manaja. Maganarsa ma ta koma irin ta Manaja, a lanƙwashe, kamar mai tsotsar alewa. Ran nan Manaja ya fito, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa, ya koma ciki ya rufe ƙofa da ƙarfi.

"Ya lura da ni," Na-Kusa ya gaya wa matarsa da ya koma gida.

"Maigida, wannan fa abincin jarirai ne. Kai da ka ƙi kula ni saboda kula?"

"Ke dai ƙara ruwan tumatir. Matar mataimaki ba ta yawan tambaya."

Abin da bai gaya mata ba, yakan je sito neman abin da bai ɓata ba, don kawai ya tsaya kusa da Dogo ya ji ƙarar.

Ranar da za a faɗi mai kujera, Manaja bai shigo da wuri ba, aka ce ya biya asibiti. Da rana sai ga shi a ɗakin cin abinci, inda rabon da a ga ƙafarsa tun kafin hutu. Na-Kusa ya miƙe da farantin da ya sa Iya ta kife tun safe. Dankalin ya saki jiki har ba a gane inda wani ya ƙare wani ya fara.

"Ranka ya daɗe, ga shi yadda ka koya mana. Ko hannu ba ya so, balle tauna."

Manaja ya dubi farantin, ya dube shi. Da ya yi magana, muryar ta fito tar, irin ta da.

"Kujera ta Dogo ce. Kai kuma na gode. Wata da watanni kana zaune a ƙofata kana kwaikwayona, har ka tara mini 'yan kallo. Na yi shiru ne don ba halin magana. Yanzu akwai."

"Ranka ya daɗe, wallahi koyi nake..."

Manaja bai saurare shi ba. Ya ja kujera kusa da Dogo, ya ɗaga murya: "Iya, sirara, ki bar su su yi ja!" Bai ma iya jira ba. Ya kai hannu farantin Dogo, ya zaɓi wanda ya fi bushewa, ya sauke takunkumi, ya gatsa. Ƙarar ta kai har bakin ƙofa.

Sannan ya juyo ya yi wa Na-Kusa murmushi da haƙora farare tas, jere reras, sababbi fil, waɗanda likita ya gama dasa masa da safiyar nan.