Tafintan Gonar Maska

Tun da mota ta tsaya a bakin gonar gwaji ta Maska gumi ya fara tsatstsafo wa Malam Ummaru a ƙarƙashin hula, alhali garin a lumshe yake, an kwana ana ruwa.

Shi ne malamin Faransanci a wata sakandare a Funtuwa. Abin tinƙahonsa a duniya wani lungu ne na nahawu da ake kira subjonctif imparfait, sigar da fi'ili ke ɗauka in ana zancen abin da aka so ko ya wajaba a yi a can baya. Kowace shekara sai ɗalibai sun rera masa ita kamar karatun allo: que je parlasse, que tu parlasses, qu'il parlât. Wanda ya manta 'yar hular da ake ɗora wa wasali ya sha ranƙwashi. Abin da bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne Faransancin nasa duk na takarda ne. Bai taɓa yin hirar da ta wuce gaisuwa da mai harshen ba.

Surukinsa Alhaji Ɗanasabe, shugaban ƙungiyar manoman masara, shi ya jawo masa. Kamfanin iri ya aiko cewa ƙwararrensu na tafe daga ofishinsu na Abijan, kuma ba ya jin Turanci. Alhaji ya bugi ƙirji ya ce faɗuwa ta zo daidai da zama, ai suna da tafinta a gida.

Baƙon, Musye Salifu, dogo ne mai fara'a. Ya nufi dattawa ya ɗan rusuna, ya buɗe baki ke nan Alhaji ya tari numfashinsa. Ya jawo hannun surukinsa ya shiga yi masa kirari a gaban jama'a: yau kowa zai ga dalilin da ya sa ya ba wannan bawan Allah 'yarsa Barakatu, mutumin da ko Bafaranshe sai ya ɗauki darasi a wurinsa. Baƙon ya dubi Alhaji, ya dubi Malam, ya rufe bakinsa.

Malam Ummaru ya gyara murya ya saki jawabin da ya sha wahalar haddacewa. "Il fallait que vous vinssiez et que nous vous reçussions," wato dole ne ka zo, mu kuma mu karɓe ka. Manoma suka tafa. Baƙon ya ɗaga gira, ya yi murmushi, ya mayar da jawabi. Nan fa ido ya raina fata. Kalmomi suka zubo manne da juna, babu mai kama da abin da ake rubutawa a allo. Merci kaɗai Malam ya tsinta.

Idanu suka dawo kansa. "Ban gane ba" magana ce gajera, amma ta ƙi fita, ga suruki a tsaye, ga iyayen ɗalibansa. Ya ce baƙo na gaishe su, yana kuma yaba ƙasar nomansu. Kunya ta kama shi har tafin ƙafa, amma aikin gama ya gama.

Aka shiga gona. Baƙon ya rage gudun magana sosai, duk da haka abin da Malam ke kamawa bai taka kara ya karya ba, sauran sai ya cike da noman mahaifinsa na da. Ya ce a jefa ƙwaya huɗu a rami. Baƙon ya tsuguna, ya ɗaga ƙwaya ɗaya kowa ya gani, ya binne ta. Malam ya ce a bar kamu biyu tsakanin rami da rami. Baƙon ya ari sandar wani tsoho ya auna rabin haka. Malam ya dinga cewa, "To, kun dai gani," a ransa yana gode wa Allah da ya haɗa shi da mutum mai son nuni da hannu.

Sai wani manomi ya tambayi lokacin zuba takin yuriya. Malam na cikin kiciniyar ƙulla tambayar da Faransanci, sai baƙon ya fara amsawa. Babu buhun taki a wurin, babu abin nunawa. Malam ya runtse ido ya ce a zuba ta rami ɗaya da iri, ranar shuka. Manoma suka dubi juna, don ba haka suka saba ba, amma aka ce sabon iri, sabuwar dabara. Baƙon ya daina murmushi. Ya maimaita maganar a hankali, yana bubbuga gwiwarsa. Malam ya ce tsuguno ne ya gajiyar da shi. Aka yi dariya, aka kawo masa benci. Alhaji ya ce gobe da gonarsa za a fara.

Bayan azahar aka kawo fura, Malam ya ture tasa gefe. Ya san daminar mutane ya ɗora a kan zato. Ya yi niyyar miƙewa ya faɗi gaskiya, ya hangi Alhaji yana nuna shi wa wasu dattawa da alfahari, ya koma ya zauna.

Da za a tafi, shi aka sa ya raka baƙo bakin mota. Ya tafi kansa a ƙasa, yana Allah-Allah motar ta tashi. Musye Salifu ya riƙe hannunsa bai saki ba, ya waiga ya tabbata babu kowa kusa, sannan ya sassauta murya cikin Hausar Maraɗi tsantsa.

"Malam, Allah shi rufa muna asiri baki ɗaya. Amma ka koma ka gaya musu yanzu, yuriya sai masara ta kai gwiwa. Nan ne kaɗai na rasa yadda zan gyara ma da hannu."